Holan Ta Jira, Shuni Ya Fito: Musayar Baitoci

'Yar Fagge:

Salamu alaikum. Yau bakina ba zai iya zance a zube ba. Mai amsawa ya amsa da baiti.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai bai wa bayinsa ba gazawa.

Jama'a ku zo ku taya ni murna,
Abu biyu ne suka zo haɗuwa.

Alhamis mai zuwa zan cike ashirin
Da biyar, shekaru suna ƙaruwa.

Jiya kuma takarda ta iso ni,
An ɗauke ni, zama na ƙarewa.

Ungozoma ce ni, da lasisina,
Shekara uku ina koyowa.

Na yi awo, na karɓi haihuwa,
Gaban Sista, hannu yana rawa.

Yanzu asibitin bayan gari ne,
Ɗakin haihuwa za ni tsayawa.

Albashin farko in ya faɗo,
Sai Kantin Kwari, ba waiwayawa.

Holan nake so, turmi sukutum,
Koriya shar mai jan idanuwa.

Gyale ya dace, jaka ta dace,
Takalmi mai tsini, mai ƙwanƙwasawa.

Baƙin lalle a hannu, ja a yatsu,
Shuku a kai, a ja shi da kyawawa.

Ture-ka-ga-tsiya zan kafa a sama,
Har 'yan layinmu su zo leƙawa.

Ku ba ni addu'a, ku ba ni baiti,
Wanda ya yi shiru ina ganewa.

Tsohuwar Sista:

Barka 'yata, Allah ya raya,
Ya kare ki daga dukkan sharri.

Amma tsaya in gaya miki zance,
Ni na tsufa ina sanye da fari.

Holan ɗinki za ta kwana a akwati,
Yunifom ne zai riƙa zaga gari.

Takalmi mai tsini ki ba ƙanwarki,
Ɗakin naƙuda na son mai sauri.

Zobe da awarwaro ki tuɓe su,
Farce a yanke, haka ne tsari.

Safar hannu ba ta shiri da zobe,
In ya huda ta kin shiga haɗari.

In mai ciki ta ce kai na sara,
Ido na yin duhu, ki yi nazari.

Ɗauko abin awon jini ki gwada ta,
Jijjiga kan zo ne babu shiri.

Bayan haihuwa kar ki bar gadon,
Jini kan zuba a ɓoye, a sirri.

Ki duba mabiyiya ta fita duka,
Ki shafa mara har ta yi tauri.

Cibiya kuma ban da toka da gashi,
Maganin shafawa ne ya fi alheri.

Awo huɗu muka sani a zamaninmu,
A 2016 aka yi ƙari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce takwas,
Ki gaya wa mata su zo da wuri.

Kwalliya kuwa ni ban hana ki ba,
Ran hutu ki fito ki cika buri.

'Yar Fagge:

Mama na gode, na ji batunki,
Zobe zai zauna gida ran aiki.

Amma jaririn da na karɓa Talata,
Wata Talatar ai da ni a biki.

Mai jego in ta aiko da goro,
Da yunifom zan je? Haba, da mamaki!

Autar Gida:

Yaya, ni dai na ji abu ɗaya,
Takalmi nawa ne, Mama ta yanke.
Ki sayo lamba talatin da takwas,
Kar ki sayo naki ki ce kin mance.

Ɗan Kwari:

Hajiya barka, Allah ya ƙara,
Ga rumfa nan, ki zo mu tattara,
Amma kafin ciniki ya fara,
Bari in faɗa miki gaskiya.

Holan ta gaske kamfanin Vlisco ke yi,
Tun 1846 suke kan layi,
Da kuɗin waje ake mata tayi,
Naira kuwa ta sha wuya.

Dubu 70 ne a doka,
Ƙaramin albashi, tun 2024 haka,
Turmin Holan ba za shi ɗauka,
Ko an haɗa da kuɗin miya.

In za ki saya, ki juya cikinta,
Ta gaske launi ɗaya ne da bayanta,
Ga suna da lamba a bakinta,
Jabun ma na bugawa, ba kunya.

Akwai 'yar Caina mai sauƙin kuɗi,
Zane iri ɗaya, tsawo da faɗi,
Ranar farko sai ki ji daɗi,
Wanki ke raba ta da kwalliya.

Da can Kaduna ke buga atamfa,
Masaƙar KTL a 1957 aka kafa,
Masaƙar UNTL a 2007 ta ja ƙofa,
Yau kwantena muke jira a hanya.

Bashi ba na bai wa kowa,
Amma ke zan yi miki sassautawa,
Uwargida ta kusa sauka, kin ga kuwa
Gobe ni ne a layinku da jakar kaya.

Malam Bazazzage:

Kanawa ke nan. Ana waƙar barka, an shigo da ciniki har da neman alfarma.

Bakanuwa, ga Bazazzage ya iso,
Ubangidanki ne, ki miƙe da murna.

Kin ce ashirin da biyar za ki cika,
Wannan lissafin Bature ne, na rana.

Shekarar wata ta gaza waccan
Da kwana goma sha ɗaya, in kin auna.

Tara su sau ashirin da biyar,
Wata tara cur kika ɓoye mana.

Wata tara kuwa, ke kin fi ni sani,
Ciki guda ne, har an kusa suna.

Batun kek da kyandir malamai sun saɓa,
Wasu sun ƙyale, wasu sun hana.

An tambayi Annabi (SAW) azumin Litinin,
Muslim ya kawo shi, ya bayyana

Cewa a ranar ce aka haife shi,
A ranar wahayi ya zo, 'yan uwana.

Taki ta faɗo a ran Alhamis,
Ita ma ta azumi ce a Sunna.

Ki kai azumi, ki sha ruwa da kek ɗin,
Ki aiko nawa Zariya kafin ya kwana.

Albashin fari kuwa na iyaye ne,
Ki zube shi gaban Baba da Inna.

'Yar Fagge:

Malam Bazazzage, bawan Kanawa,
Lissafin nan naka ka riƙe shi.

Mace in ta ce ashirin da biyar,
Ka ce amin, ka ja bakinka ka tashi.

Batun albashi kuwa ka makara,
Tun bai zo ba aka gama raba shi.

Inna ta sai da tumakin turkenta,
Ran da makaranta ta ce ba ta bashi.

Baba ya yi ta jigila da a-daidaita,
Daga asuba har dare yana nishi.

Litattafaina, kuɗin jarrabawa,
Har na lasisi, duk daga gare shi.

A ambulan zan zuba shi dukkansa,
In durƙusa in ajiye a gaban shi.

Abin da suka maido shi ne nawa,
Da shi zan fara zubin adashi.

Zan roƙi uwar adashi kwasa ta uku,
Holan ta jira ni, haka ma leshi.

Ɗan Kwari ka ji, koriyar nan
In wani ya taya, kar ka ba shi.

Alhamis kuwa, ko da tsohon zane ne,
Zan fito, in na gifta a ji ƙamshi.

Ƙawa 'Yar Yerwa:

Ƙawata, ƙamshi ki bar shi gare ni,
Daga Yerwa na aiko kwalbar humra.

Ga kajiji, ga hawi, ga sandal,
Daren Laraba ki sa a turara.

Dilka sai kin zo hutu da kanki,
Ba a aika ta mota, zama ake a gyara.

Kar dai ki shiga da shi wurin aiki,
Mai naƙuda na jin amai, za ki ƙara.

Allah ya maimaita mana baɗi,
Da lefe a ɗaki, akwati tara.

Baba Marini:

Na karanta tun daga sama. Ba wanda ya ambaci abin da ke cikin ganuwa.

Jikata, kuna ta Holan da Caina,
Kun manta Ƙofar Mata da rini.

A bakin ƙofa an rubuta 1498,
Karofin nan ya ga ƙarni bayan ƙarni.

Ganyen baba da toka da kanwa a rami,
Sai ya yi makonni kafin ya ba da launi.

In an tsoma zane ya fito kore-kore,
Iska ce ke mai da shi shuni.

A tsoma a ɗaga, a tsoma a ɗaga,
Mai son ya yi duhu sai haƙurin yini.

Mata ke ƙulla shi da zare a gida,
Kowane ƙulli da sunansa, in kin sani.

In an kwance sai fari ya bayyana,
Inda zare ya hana ruwa, kin ji bayani.

Mabuga su ɗora shi kan gungume,
Su buga har ya yi ƙyalli, abin gani.

Turkuɗin Kura har Agadas ake kai shi,
Buzaye na can suna naɗa rawani.

Ramuka da dama yau sun bushe,
Samari sun ce ba aikin zamani.

Kawo farin yadi gobe da safe,
Kyautar shekara ce, kar ki biya ni.

In an tambaye ki ina kika samo,
Ki ce Ƙofar Mata, ki kwatanta ni.

'Yar Fagge:

Baba, wallahi ka sa ni ƙwalla. Ina tafe da yadi biyar. Saura mai ɗinki, na san yana nan yana leƙe.

Telan Layi:

Duk kun yi kyauta, kun bar ni da aiki,
Ba ku tambayi tela ko ya shirya ba.

Ƙulli gobe, rini jibi, ga bugu,
Talata zai zo, ni ban ko auna ba.

Wuta sai ta ga dama take zuwa,
Jiya wuni guda ba mu gan ta ba.

Tun 2023 da aka cire tallafi,
Man janareta bai sauko ba.

Butterfly ta ƙafa ita ce gatana,
Ba ta taɓa tambayata NEPA ba.

Wane ɗinki, bubu ko riga da siket?
Kar ki turo hoton da ba jikinki ba.

Shuni ba ya son tarkacen duwatsu,
Farin zare a wuya, ban ƙara ba.

Ki sa shimi mai duhu daga ciki,
Sabon rini bai daina zuba ba.

Alhamis da azahar, in sha Allahu,
Ban ce da safe ba, ban rantse ba.

Tsohuwar Sista:

Kuna ta bubu, kun manta fararen,
Saiti biyu ake so kafin a fara.

Ɗaya a jiki, ɗaya kan igiya,
Aikin dare ba ya barin riga da tsafta, sai gyara.

Kuma sabon ma'aikaci kan jira albashi,
Ki riƙe kuɗin mota, kar ki ɓarar, ki tara.

'Yar Fagge:

Mama na ji, fararen na gaba,
Yadinsu na nan, yana hannun tela.

"In sha Allahu" ɗinka na san ta,
Ita ta sa na sa kayan bara da Salla.

Bubu nake so, hannu mai faɗi,
Aljihu biyu, kar ka ce matsala.

Makaranta ta saba min da aljihu,
Rigar da babu shi sai wahala.

Wuyan ka yi shi da farin zaren,
Kar ya sauka, Baba yana kula.

Malam, kek ɗinka yana tashar mota,
In direba ya cinye, ka yi masa ƙwalla.

Laraba zan zo in zauna a shagon,
Da abincina, har sai ka kammala.

Telan Layi:

Zo ki zauna, benci yana nan,
Amma ki zo da kafin alƙalami, ba lalala.

In wuta ta ɗauke da magariba,
Mai bazday ce za ta riƙe min fitila.