Gaisuwar Kan Mashin a Damagaram: Ladabi Ne ko Tare Hanya?

Alhaji Lawali, Birni: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da zan yi na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Masu mashin a garin nan sun yar da ladabin hanya, kuma a ganina tun da kabu-kabu ta zama sana'ar kowa abin ya lalace. Da, mai mashin in ya zo wuce dattawa zaune a ƙofar gida sai ya sassauta, ya ɗaga hannu, ya yi sallama. In an fito da gawa ya kashe mashin, ya tsaya gefe har a wuce. Lungunan Birni tun zamanin Sarki Tanimun da ya gina ganuwa don mai ƙafa da mai doki aka yi su, kuma mai doki ya san inda ake jan linzami. Yau yaro zai wuce ka dab da ƙofar fada, ya bule ka da ƙura, ko waiwaye babu. Ni dai na tsaya a kan cewa wanda bai gaishe ka a hanya ba, ba zai tsaya maka ba ranar da ka faɗi.

Mamman Sani, ɗan kabu-kabu: Wa alaikumus salam Baba. Ku gafarce ni, amma wannan ƙarshen maganar taku ban yarda da shi ba. Ku zo bakin Kasuwar Dole ranar Alhamis ku zauna ku gani. In mai ya ƙare wa mutum, ba ya jan mashin da nisa sai wani ya zo ta bayansa, ya ɗora ƙafa, ya tura shi har wurin masu sayar da mai a kwalba. Bai san sunansa ba, ba kuma ya karɓar ko dala. Wani ma zare tiyo yake yi ya tsiyaya maka daga tankinsa. In ka manta jak a ƙasa, ko gyalen wadda ka ɗauko yana neman shiga taya, kafin ka yi nisa an yi maka ihu. In ɗayanmu ya kwanta gidan likita, karo-karo muke yi a tasha.

Batun ɗaga hannu kuwa, Baba, ku dubi yashin garin nan. In ka bar kwalta, yawancin unguwanni rairayi ne, ga mace da goyo a bayanka, wani lokaci da buhu a kan tanki. Sakin hannu ɗaya a wurin ba ladabi ba ne, ganganci ne da ran mutane. Hon biyu gajeru da sunkuyar da kai, ita ce gaisuwarmu.

Hajiya Rabi, Sabon Gari: Ɗana Mamman, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma sake duba shi: wa ake yi wa? Ku da ku ne. Zumuncin naku bai tsallake mai mashin ba. Ni da nake tafiya a ƙasa fa? Tsohuwa za ta tsaya bakin titi da kwano a kai, ta jira har ƙafa ta yi sanyi, ba wanda zai rage gudu ta tsallaka. Yaran da ke turo kurar ruwa, a garin da kowa ya san wahalar ruwanmu, hon kuke danna musu kamar su suka hana ku ciniki, alhali kura cike da jarkoki ba ta tsayawa yadda mashin ke tsayawa.

Sannan Alhaji, da girmanka, ni gaisuwar ma ita ce ta fi damuna. Mutum biyu su jera mashin a tsakiyar titi, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ya jikin tsohuwa, na bayansu kowa ya yi ta kansa. Wasu har musafaha suke yi suna tafe. Kuma ranar da mota ta taɓa ɗayanku, kafin a tambayi mai laifi kun yi wa direba zobe. Wannan wane irin zumunci ne?

Mamman Sani: Hajiya, zoben nan da kike gani, in ba a yi shi ba mai mota gudu yake yi ya bar mutum kwance.

Hajiya Rabi: A tsare shi har 'yan sanda su zo, ba wanda ya ce a'a. Fasa gilashi da zagin uwa fa?

Malam Ilu: Bismillah. Ina ganin Alhaji da Hajiya kowa ya kama gefe guda na abin da shari'a ta riga ta haɗa. Ya tabbata a hadisin Abu Huraira, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wanda ke bisa abin hawa shi ke fara yi wa mai tafiya ƙasa sallama, mai tafiya ya yi wa na zaune, kaɗan su yi wa masu yawa. To Alhaji yana da hujja. Malamai sun yi bayanin hikimar: na bisa shi ne mai ƙarfi a wannan haɗuwar, shi ake tsoro, don haka shi zai fara ba da aminci, kuma hakan na karya masa girman kai.

Sai dai a lura da me sallama take nufi. In na ce maka aminci ya tabbata a gare ka, sannan na watsa maka ruwan kwata da taya, me na ba ka? A hadisin Abu Sa'idil Khudri kan haƙƙin hanya, an ambaci runtse ido, da kame cuta daga mutane, da amsa sallama, da umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Kame cuta na cikin haƙƙin, har an ambace shi kafin amsa sallama. Saboda haka mai mashin da ya rage gudu don tsohuwa ta wuce, ko bai buɗe baki ba ya cika abu babba. Wanda kuma ya tare hanya don doguwar gaisuwa, ya sauka gefe ya yi ta a tsanake, ba wanda ya hana shi.

Habu mai faci, hanyar Mirya: Ni kam inda nake zaune ina ganin abin da ku na cikin gari ba ku gani. Daga nan zuwa Mirya bai fi kilomita 18 ba, amma da mutum ya bar gari halinsa ke sauyawa. A hanyar Magarya, ko ta Matamai, ko ta Tanut, da wuya a wuce mai mashin tsaye ba a tambaye shi lafiya ba. Rabin masu zuwa wurina wani ne ya ɗauko su da tayar a hannu. Kuma tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011, tankokin mai suka yawaita a hanyar arewa, masu mashin sun koyi yi wa juna alama da hannu ko da fitila in akwai babbar mota a kwana ko rami a gaba. Yaran nan da Alhaji ke kuka da su, su ne ke yin haka. Ni abin da na fahimta, cunkoson gari ne ke cinye haƙurin mutane.

Da dare ne kawai ba na ganin laifin wanda ya ƙi tsayawa. Kowa ya san ana yaudarar mutum da neman taimako a raba shi da mashin.

Zuwaira, ɗaliba: Iyayena ku ba ni dama. Ni da mashin nake zuwa Jami'ar André Salifou, kuma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Ga mace, gaisuwar kan hanya ba kullum take zama alheri ba. Wani zai jero da ke, ya yi sallama, ki amsa, shi ke nan ya samu ƙofa: ina za ki, ba ni lamba. In kin yi shiru ya ce girman kai, wani har ya matse ki gefen yashi don ya ga ko za ki faɗi. Malam ya ambaci runtse ido, to nan ne wurinsa. Amma in faɗi gaskiya, masu yin haka yawanci samari ne masu yawon banza. Ranar da sarƙa ta zame mini, ɗan kabu-kabu ne ya sauke fasinjansa, ya mayar da ita, ya tafi da hannu baƙi ƙirin ko sunana bai tambaya ba.

Alhaji Lawali: 'Yata, Allah ya yi masa albarka. Malam, na ji karatu, kuma ban ce a tare hanya ba. Amma Habu, maganar cunkoso ba ta gamsar da ni ba. Garin nan shi ne babban birnin ƙasar Nijar har 1926, baƙi daga Kano, Agadas da Borno suna shiga suna fita, ba yau muka fara ganin jama'a ba. Ayarin ɗaukar amarya da ake tashi tsaye kan mashin ana sakin hannu, shi ma cunkoso ne ya kawo shi? Wanda ya iya sakin hannu biyu don burge 'yan mata, ya iya rage gudu don gawa.

Mamman Sani: Baba, masu wasa a ayarin biki yawancinsu mashin ɗin gidansu ne, ba su da uban gida da ke jiran kuɗinsa da dare. Ni in na kayar da mashin, abincin gidana na kayar. Kada a haɗa mu. Batun gawa kuwa ba ni da ta cewa, haƙƙi ne, kuma manyanmu a tasha suna tsawatar wa duk wanda aka gani ya ratsa masu jana'iza. Zan sake tayar da maganar gobe in Allah ya kai mu.

Hajiya Rabi: In za ka tayar, ɗana, haɗa da lokacin tashin 'yan lakwal. Yara ƙanana ne ke tsallaka kwalta da rana tsaka, wasu ko shekara bakwai ba su kai ba, kuma daidai lokacin ne kuke rige-rigen fasinja a ƙofar makarantun. Ka ce musu uwa ce ta aiko ka.