Wace wuƙar kube ta dace da zaman daji da farauta a ƙasar Gadarif?

Ɗan Maiurno

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena. Ni haifaffen Maiurno ne a ƙasar Sudan, amma noma ya mayar da ni kudancin Gadarif, inda nake kula da gonar riɗi da dawa ta kawuna. Daga saukar damina a watan Yuni har yankan riɗi a watan Oktoba a bukkar gona nake kwana, domin idan baƙar lakar nan ta jiƙe babu motar da ke shiga ta fito. A can da wuƙa ɗaya nake yanka zabo ko zomon da muka samu, da ita nake fiɗar akuya, da ita kuma nake feƙe turaku da yankan igiya.

Bara wuƙata mai naɗewa ta ci amanata. Ina cikin feƙe turken dushe sai maƙallinta ya saki, ruwan ya rufo a kan ɗan yatsana ya tsaga shi har ƙashi, alhali tsakaninmu da mai ɗinki tafiyar rabin yini ce a kan tarakta. Tun ranar na yi niyyar komawa wuƙar kube, wadda ba ta naɗewa. Yayana da ke Jidda ya ce in zaɓa tsakanin Morakniv Companion da Ka-Bar ya aiko mini, kawuna kuwa ya ce ɓarnar kuɗi ce, in sa maƙeri ya ƙera mini daga sifirin mota. Ina roƙon shawararku a kan tsawon ruwa, da irin ƙarfe, da abin da zan duba kafin in biya.

Baba Maharbi, Damazin

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye gaba. Abin da zan fara gaya maka shi ne ka cire ranka daga babbar wuƙa. Ka-Bar ɗin nan ruwanta inci 7 ne, kusan santimita 18, kuma domin sojojin Amurka aka tsara ta a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wuƙar soja ce, tana da kwarjini a ƙugu, amma ranar da ka tsugunna fiɗar zomo da ita za ka ga tsininta ya yi wa hannunka nisa, ba ka jin inda yake, sai dai ka ji warin tumbin da ka huda. Na shekara fiye da talatin ina shiga daji, kuma wuƙar da ta fi daɗewa a hannuna ruwanta bai wuce faɗin tafin hannu da ɗan ƙari ba, wato tsakanin santimita 10 da 12. Da irin wannan tsawon kana iya shimfiɗa manuninka a bayan wuƙar har ya rufe tsinin, ka tura ta ƙarƙashin fata bakin yana kallon sama, fatar ta buɗe kamar ana ɓare ayaba, hanji kuwa ko ƙwarzane bai samu ba.

Na biyu, kada ka ɗora wa wuƙa aikin gatari. Itatuwan ƙasarmu, dushe da bagaruwa da aduwa da ɗakwara, ba irin lausasan itatuwan da Turawa ke faskarawa da wuƙa a bidiyo ba ne. Busasshiyar bagaruwa tana ɓantare bakin wuƙa mai tsada kamar yadda take ɓantare na mai araha. Ka ajiye adda ko ƙaramin gatari a bukka, ka bar wa wuƙa yanka da fiɗa da sassaƙa, domin ita ce za ka ɗora a wuyan dabba, kuma ka san hadisin da Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu, wanda ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Wuƙar da ta wuni tana saran turke ba za ta cika wannan umarni da magariba ba.

Ni ina bayan kawunka. Maƙerin da ya san aikinsa zai fitar maka da wuƙa daga sifirin lori wadda za ka bar wa 'ya'yanka. Sai dai ka tsaya a kansa a abu biyu. Jelar ƙarfen ta ratsa ƙotar tun daga farko har ƙarshe, a dafe ta da ƙusa biyu ko uku, ba ɗan tsinken da ake ƙonawa a cusa cikin itace ba, domin daidai nan wuƙa ke karyewa. Sannan ka ɗauki magagari ka goga a bakinta a gabansa: idan ya kama yana ci kamar ƙusa, ƙarfen bai taurara ba, idan kuwa ya zame yana ƙara, ta sha wuta da mai yadda ya kamata. Kuma tunda ka ambaci farauta, ka tsaya a zabi da zomaye na gefen gona, kada ƙafarka ta kai ka gandun namun daji na Dindir, wanda aka killace tun 1935.

Abu Hafsat, Jidda

Baba Maharbi ya gama magana a kan tsawo, ba ni da abin ƙarawa. Amma da izininku, Baba, zan ɗan saɓa muku a kan ƙarfe, domin aikina ke nan a masana'anta. Sifirin mota yawanci ƙarfe ne mai kyau, irin wanda ake kira 5160, mai sinadarin kabon kusan kashi 0.6 cikin ɗari, yana da juriya ƙwarai. Matsalar ita ce tsohon sifirin ya sha lanƙwasa shekara da shekaru a kan hanya, yakan ɓoye tsaga siririya kamar gashi wadda ido ba ya gani sai ranar da wuƙar ta rabu biyu. Haka kuma gwajin magagari taurin kawai yake nunawa. Ƙarfen da aka tsoma a mai yana ja yakan fito da tauri irin na gilashi, sai an sake ɗumama shi a hankali har ya yi launin busasshen kara, wajen digiri 200 zuwa 230, kafin ya daina ɓantarewa. Ba kowane maƙeri ke yin wannan mataki na biyu ba, saboda haka, ƙanena, ka tambaye shi kai tsaye.

Dalilin da ya sa nake ganin ka karɓi Morakniv ɗin shi ne daminar Gadarif. Wata huɗu cikin laima da jinin yanka da gumi, baƙin ƙarfe zai yi tsatsa cikin dare ɗaya idan ka manta ba ka goge shi ba. Companion ana ƙera ta a garin Mora na ƙasar Suwidin, ruwanta santimita 10.4, kuma tana zuwa iri biyu: ta baƙin ƙarfe da wadda ba ta tsatsa, mai ƙarfen 12C27 da ke ɗauke da kuromiyam kusan kashi 13.5. Ka ce wa yayanka ya sayi ta biyun. Bakinta shimfiɗa ɗaya ce mai faɗi, kana kwantar da ita a kan dutsen washi kusurwar ta daidaita da kanta, ko yaro zai iya wasa ta. Gaskiya ne jelarta ba ta kai ƙarshen ƙota ba, ta tsaya wajen kashi uku cikin huɗu, amma ga wanda ya bi shawarar Baba ya bar sara ga adda, wannan ba aibi ba ne. Wanda ya nace sai mai jela har ƙarshe, kamfanin yana da Garberg mai kaurin milimita 3.2, sai dai kuɗinta ya ninka na Companion sau da yawa.

Baduku, Kasala

Malamai sun yi maganar wuƙa sun bar kube, alhali rabin raunukan da nake gani daga kube suke. Idan na fata ne, a sa wani zirin fata mai kauri tsakanin ɓangarorin biyu ta gefen kaifi kafin a ɗinke, in ba haka ba bakin zai ci zaren ya leƙo ta cinyarka. Ya haɗiye ƙotar har rabi, ta yadda ko ka kifa shi wuƙar ba za ta zube ba. Kuma fatar da aka jeme da bagaruwa, wadda Larabawan nan ke kira garad, tana riƙe danshi tana baƙanta ƙarfe, don haka kada wuƙar maƙeri ta kwana a cikinta da damina. A zare ta, a shafa mata man riɗi, a rataye. A nan kasuwar Kasala akwai wuƙaƙen Hadandawa masu kyawun gani da lanƙwasa, amma na ado da tsaron kai ne, ba su dace da fiɗa ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasar nan a 2023 kuma, idan za ka bi hanya mai shingen bincike, ka sa ta cikin buhun kayan gona tare da lauje, kada ka ɗaura ta a damtse ko a ƙugu.

Ɗan Maiurno

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi magana da Yaya, zai aiko da Companion marar tsatsa, ita ce za ta zama ta yanka da fiɗa kaɗai. Kawu ma ba zan ƙi maganarsa ba: akwai guntun sifirin a bayan rumbunsa, zan kai wa maƙeri ya fitar mini da mai ɗan kauri domin turaku da igiya, kuma zan zauna a maƙerar har in ga launin karan nan da idona. Baba Maharbi, saura abu ɗaya: ga ƙotar, ina da busasshen reshen aduwa da kuma na magarya, wanne ne ba ya tsagewa idan an huda shi za a dafe ƙusa?