Birki ya tsinke, ko birki ya galabaita? Mu tsayar da kalma

Malamai masu fassarar labarai, direbobin manyan motoci, kanikawa, ku matso kusa. Akwai kalmar da nake so mu tsayar.

Duk sanda tirela ko tanka ta afka wa jama'a, magana ɗaya ce a rediyo da jarida: birki ya tsinke. Haka aka ce da tankar da ta kama da wuta a gadar Otedola ta Legas a watan Yunin 2018, haka aka ce a Felele ta Lokoja a 2020, haka kuma a gadar Karu ta Abuja a watan Maris na 2025. Wani ya ce ya ƙwace, wani ya ce ya ƙi ci. Mai sauraro dai abin da yake ji shi ne wani ƙarfe ya katse farat ɗaya, babu hannun kowa a ciki. Wannan magana tana damuna ƙwarai, domin ta tattara cututtuka daban-daban ta ba su suna guda, kuma wadda ta fi cin rayuka a gangara ba ta da suna a bakinmu. Turawa na ce mata birek fed, wato raguwar ƙarfin birki saboda zafi. Ita nake nema wa Hausa.

Sai mun fara sanin yadda birkin iska yake aiki. Ƙaramar mota da man birki take tsayawa, in tiyo ya fashe man ya tsiyaye, shi ke nan, ka taka ka ji wayam. A nan "tsinkewa" ta dace. Manyan motoci irin su DAF da MAN da Mack da Howo kuwa da iska suke. Kwampireso na tara iska a tankuna, abin takawa bawul ne kawai mai buɗe mata hanya, ita ke tura sanda, sanda ta juya ƙarfen da ke buɗe takalman birki su matse cikin dirom, wato gangar ƙarfen da ke juyawa tare da taya. A ƙafafun baya akwai wani ƙaton sifirin da iskar ce ke danne shi. In iska ta zube ta yi ƙasa sosai, sifirin ya kuɓuce ya damƙe ƙafafun da kansa. Shi ya sa da safe direba ke zama yana ba mota wuta har agogon iska ya hau kafin ta yarda ta motsa. Wato babbar mota mai lafiya, in tiyonta ya tsinke, cijewa take yi ta tsaya.

To me ke sa ta gudu da mutum a Hawan Kibo na jihar Filato, ko a gangaren Kugbo ta Abuja in an nufi Nyanya?

Zafi. Birki ba ya da wani aiki sai mayar da gudu ya koma zafi. Tirela mai buhun siminti 600 tan 30 ta ɗauka, mai 900 tan 45, ban da nauyin kanta. In direba ya shiga doguwar gangara da babbar giya, ko ya sake ta a firi, wato ba a cikin giya ba, don ya rage shan gas, duk wannan nauyin a kan dirom yake sauka. Gudu in ya ninka biyu, zafin da birki zai sha sau huɗu yake ninkawa. Dirom ya yi zafi ya buɗe, ya nisanta da takalmi, sandar ta miƙe iya tsawonta ba ta kai ba. Fuskar lainin, wato abin da ke manne a takalmi yana gogar dirom, ta ƙone ta yi santsi. Iska na nan cike a tanki, agogo na nuna lafiya, ƙafar direba ba ta jin wani canji, amma mota ba ta rage gudu. Ko ya ja birkin ajiye mota, sifirin ɗin da wannan dirom ɗin da wannan lainin zai yi aiki. Kafin a kai nan akwai alamu: warin ƙuna, hayaƙi daga ƙafafu, nisan tsayawa da ke ƙara tsawo. Yaron mota da ke da hanci yakan riga maigidansa ji.

Bayan dirom ya huce kuma, birkin yakan dawo ya riƙa ci. Wannan siffar ce ya kamata kalmarmu ta ɗauko.

Na tattara kalmomin da mutane suka kawo a matsayin Hausar wannan cuta. An ce shanyewar birki. Tana da daɗin faɗa, kuma tuni tana bakin 'yan jarida, sai dai Bahaushe in ya ji shanyewa, ɓarin jiki yake tunawa, abin da ba ya warkewa da hutun sa'a guda. An ce dakushewa. Ta kama yadda abin ke zuwa sannu a hankali, amma abin da ya dakushe sai an wasa shi, don haka a bar ta ga lainin da ya cinye. Wani malami ya ce laushin birki. Wannan ta ƙananan motoci ce, inda man birki ke tafasa ka ji abin takawa ya yi taushi. In muka koya wa direban tirela ya jira laushi a ƙafarsa, mun cuce shi, don ba zai ji ba. An ce suma, kuma na so ta, tunda mai suma yana farfaɗowa. Matsalarta ita ce suma faɗuwa ce ta lokaci guda, ta sake mayar da mu gidan jiya, gidan "babu wanda ya ga zuwansa".

Ni na tsaya a kan galabaita. Galabaitar birki. Birki ya galabaita.

Ku duba wanda muke cewa ya galabaita: mutumin da ya sha rana da kaya a ka, ƙarfinsa na raguwa kowa na gani, bai mutu ba, bai karye ba, in ya sami inuwa ya huta zai miƙe. Zafi, nauyi, raguwa a hankali, dawowa bayan hutu, duka huɗun suna cikin kalmar. Tana da wata fa'ida kuma: ana galabaitar da abu. Za ka iya cewa lodi ya galabaitar da birki, ko direba ya galabaitar da shi. Da zarar an faɗi haka, tambaya ta buɗe. Wa ya yi lodin? Yaushe rabon da a ɗaure birkin ƙafafun? Ƙafa nawa ke ci a cikinsu? Duk wanda ya zauna a gareji ya ga tiyon ƙafa ɗaya da aka lanƙwasa aka ɗaure da waya saboda yana yoyo, aka ce a je a dawo. Ƙafafun da suka rage su ke ɗaukar aikinta, su ke fara ƙonewa. Hana tankoki masu lita 60,000 ɗaukar mai da gwamnati ta yi daga Maris 2025 ma, a wannan babin yake da ma'ana.

Wani dattijon direba ya ce gajiya ta fi sauƙi a baki. Gaskiya ne, Baba, a tasha "birki ya gaji" zai fi saurin tafiya. Amma a wurinmu mota in ta gaji, tsufa ake nufi. Sabuwar mota fil birkinta na iya galabaita a gangara ɗaya.

Sauran cututtukan kowacce ta riƙe sunanta. In direba ya yi ta taka-saki har kwampireso ya kasa cike gurbi, musamman a firi da inji ke numfashi ƙasa-ƙasa, iska ta ƙare ke nan. In ba a zubar da ruwan da ke taruwa a tankin iska, bawul ya yi tsatsa ya maƙale, birki ya toshe. In ƙarfe ko tiyo ya katse da gaske, to a ce ya tsinke.

Saura masu janwe, wato motar jan wadda ta lalace, don a wajensu ma ana ɗora wa birki laifin da ba nasa ba. Motar da ta mutu a hanya ba ta da iska, ƙafafunta a cije suke, ba ta jawuwa. Sai bakanike ya shiga ƙarƙashi ya zura dogon noti a bayan tukunyar birki, inda sifirin yake, ya yi ta ɗaurewa har sifirin ya koma ya takure. Wannan a kira shi ɗaure sifirin, kada a ce sakin birki, domin mai jin "saki" zai zaci in an taka zai kama. Motar da aka ɗaure wa sifirin, babu iska a tankinta, ba ta da birki ko kaɗan. In ba a sa waigi a ƙafafu ba kafin a fara, tana iya gangarowa kan wanda ke kwance a ƙarƙashinta. In kuma da sarƙa aka ja ta maimakon sandar ƙarfe, janwe na taka birki za ta hau bayansa, ko ta tura shi gangara har nasa birkin ya galabaita, tunda nauyin mota biyu yake riƙewa shi kaɗai.

'Yan uwa na gidajen rediyo, in jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ya ce muku matsalar birki ce, ku tambaye shi wace iri: galabaita ya yi, iska ce ta ƙare, ko sifirin aka ɗaure? Direbobin Maraɗi da Damagaram, ku gwada kalmar a tashoshinku ku faɗa mana yadda ta zauna a kunne.