Shanuna sun ƙi ruwan sabuwar gona, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu mutanen Mai Wurno ne, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, inda kakanninmu suka sauka bayan yaƙin Burmi na 1903. Bana Allah ya hore mini gona a yankin Gadarif da ke gabashin Sudan, na gina ɗakuna biyu da garke, na haƙa rijiya, da niyyar noma dawa da riɗi.

Na fara kai shanu 9 da tumaki kafin iyali. Tunda aka haife su ruwan kogin Nilu suke sha, ita kuwa rijiyar nan ruwanta zartsi ne. Sai ka ga saniya ta zo bakin kwami, ta sunsuna, ta ɗaga kai tana kallona, ta juya. Kwana 6 ke nan. Nono ya ragu, maruƙa biyu suna zawo. Tumakin dai suna sha ba laifi. Ruwan tanka nake saye, aljihu ya fara gazawa.

Ga damina ta matso. Wanda ya san baƙar lakar Gadarif ya san da zarar ruwa ya sauka a Yuni ko Yuli, lori ba ya shiga, kuma uwargida da yara suna can sun ɗaure kaya suna jirana.

Don Allah makiyaya, in ana gauraya ruwan tanka da na rijiya kaɗan-kaɗan, shanu suna sabawa? Ko in mayar da su gida sai tafki ya cika? Yaran kuma, ruwan nan zai cutar da su?