Domaine: gona ce ko gandu?

Malamai masu fassara, ku taya ni duba wata kalma da ke yawan faɗowa a labaran Faransa, musamman idan sanyi ya yi wa inabinsu ɓarna. Irin na Afrilun 2021, da manoman Chablis da ke yankin Bourgogne suka kwana suna kunna manyan kyandirori na gwangwani a tsakanin kunyoyi don kada toho ya daskare. Kalmar ita ce domaine. Galibi "gonar inabi" muke cewa mu wuce, ni kuma ina ganin ba ta ɗauke nauyin ba.

Gona ƙasa ce. Shi kuwa domaine, a bakin mutanen yankin Bourgogne, gida ne sukutum: iyalin da ke noman, filayensu duk inda suke, wurin matse inabin, ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ake jera gangunan katako, har da sunan da ake bugawa a jikin kwalba. Shi ya sa suke rubuta cewa a gidan aka ɗura giyar inabin, don a bambanta su da négociant, ɗan kasuwar da ke sayen inabin wasu ya haɗa ya sa sunansa.

Shawarata: gandun inabi.

Ga dalili. Bayan juyin juya halin 1789 an ƙwace filayen coci an sayar. Dokar Napoliyon ta 1804 kuma ta sa ana raba gado daidai tsakanin 'ya'ya, to daga nan filayen suka yi ta tsagewa, kaka ya bar wa biyar, biyar su bar wa ashirin. Ku duba Montrachet, inda ake samun ɗaya daga cikin farar giya mafi tsada a duniya: filin kusan hekta 8 ne kacal, amma masu shi sun haura goma, wani 'yan layuka ne rabonsa. Ke nan fili ɗaya na iya zama na gidaje da yawa, gida ɗaya kuma yana da ɗan yanki a nan, ɗan yanki a ƙauyen gaba. Idan ka ce "gona", mai sauraro zai hango shinge guda da mai shi guda, alhali ba haka abin yake ba. Bahaushe kuwa ya san gandu: maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suna noma tare, gonakin a warwatse, amfanin ya taru a rumbu ɗaya, kuma da sunan gidan ake kiransa.

Wani malaminmu ya ce min yanzu yaran birni in sun ji gandu, gandun daji suke tunawa. Allah ya gafarta malam, gaskiya ne, amma kalmar da ke biye ita ke warware zance. Ba wanda zai ji "gandun inabin gidan su wane" ya zaci zakuna ne a ciki. Inda dai kamar kalmar gandu ta ɗan ragu shi ne a Faransa sau da yawa 'ya mace ce ke gadon jagorancin gidan, kuma ban ga hakan ya hana kalmar aiki ba.

Shi abin da ke cikin kwalbar Chablis ko Montrachet, a ce "farar giyar inabi" kawai, duk da launinta ya fi kusa da ruwan ɗorawa mai haske. Ana kiranta fara ne don ana raba ruwan da ɓawon tun kafin ya tsima. Don Allah a daina "ruwan inabi" a labarai: barasa ce, haramun ce ga Musulmi, kuma wani zai iya ɗauka lemon kwali ake nufi.

Saura château, sunan da ake kiran irin waɗannan wurare a yankin Bordeaux. Da yawansu yanzu na kamfanoni ne da attajirai, babu gida babu rumbu ɗaya, don haka gandu ba zai hau su ba. 'Yan uwanmu na Nijar da ke cuɗanya da Faransanci kullum, me kuke ce masa?