A haramta biyan masu garkuwa da bayanan kwamfuta, ko a bar mai kaya ya yanke hukunci?

Injiniya: Jama'a, bari mu koma kan maganar da muka bari jiya. Ni har yanzu ina kan bakana. Duk kamfani ko hukumar da masu kutse suka kulle wa bayanai suka nemi kuɗin fansa, idan ta biya, to ita ce ta ɗauki nauyin harin da za a kai wa na gaba. Gwamnatoci su haramta biyan kawai. Wannan ta'asa kasuwa ce. Ranar da aka daina saye, mai talla zai naɗe tabarmarsa.

Hajiya: Injiniya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni abin nan ya same ni. Wata safiya yarinyar da ke riƙe mana lissafi ta kunna kwamfutar ofis, duk fayil ɗin da ta danna sai ya ƙi buɗuwa. Sunayen suna nan yadda muka bar su, sai dai kowanne an liƙa masa wasu haruffa a wutsiya. A kowane wuri kuma an ajiye mana 'yar takarda guda: bayananku suna hannunmu, ku biya cikin kwana uku, in kuka wuce kuɗin ya ninka. Lissafin shekara bakwai ke ciki, wanda muke bi bashi da wanda yake binmu. Na ce ai muna da kwafi. Ashe faifan da muke kwafin a kai dare da rana yana jone da kwamfutar, shi ma sun kulle shi. Ma'aikata tara na zaune suna kallona. Na biya. Idan dokarka ta zo, ni ce za a kama ke nan?

Baffa: Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Amma ki faɗa mana, da kika biya, kayan sun dawo?

Hajiya: Sun turo mabuɗi bayan kwana biyu. Yawanci ya buɗe. Babban fayil ɗin lissafin dai ya fito a lalace, sai da muka yi makonni muna haɗa shi daga rasitai.

Injiniya: To kin ga abin da nake faɗa, Hajiya. Wanda ya fi ki kuɗi ma haka ya sha. A watan Mayun 2021 aka kulle kwamfutocin kamfanin Colonial Pipeline a Amurka, mai bututun da ke kai kusan kashi 45 cikin ɗari na man da ake sha a gabashin ƙasar. Suka rufe bututun, layin mai ya cika tituna. Suka biya kuɗin intanet na Bitcoin guda 75, wajen dala miliyan 4.4 a lokacin. Mabuɗin da masu kutsen, wato ƙungiyar DarkSide, suka ba su yana aiki amma da nawa, sai da suka haɗa da kwafin da suka ajiye da kansu. Kuma kun san ta ina ɓarayin suka shiga? Ta wata tsohuwar kalmar sirri da ba a ɗora mata mataki na biyu na tantancewa ba.

Auta: Yaya Injiniya, ka manta ka ce hukumomin Amurka sun ƙwato Bitcoin 63.7 daga cikin kuɗin bayan wata guda. Da ba a biya ba, da wane sawu za a bi?

Injiniya: Auta, wannan sa'a ce, kada ka gina doka a kai. Mutum nawa ne za a tayar musu da hukumar FBI don kuɗinsu ya dawo?

Malama: Ni kuna ta maganar mai da lissafi, ni asibiti nake tunani. Na yi aiki a ɗakin haihuwa, na san abin da ake nufi da a ce ba a ganin sakamakon gwajin jini, ba a san maganin da aka ba maras lafiya da daddare ba, ba a san wanda jikinsa ba ya karɓar wata allura ba. Shugaban asibiti yana tsaye, ga mai ciwon daji an ɗage ranar da za a yi masa gashin cutar, sai ka ce masa doka ta hana ka biya don kada kasuwar ɓarayi ta bunƙasa nan da shekara biyar? Shi wanda ke kan gado yau fa?

Injiniya: Malama, an gwada wannan ɗin ma. A wannan watan na Mayun 2021, ƙungiyar Conti ta kulle kwamfutocin hukumar lafiya ta ƙasar Ayilan baki ɗaya. Gwamnati ta fito ta ce ko sisi ba za ta biya ba. Bayan kamar mako guda ɓarayin suka saki mabuɗin kyauta.

Malama: Kai da ka ce kada a gina doka a kan sa'a! Wa ya tilasta musu su saki? Kuma duk da mabuɗin a hannu, wajen wata huɗu aka yi kafin abubuwa su daidaita, likitoci na rubutu da biro da takarda.

Injiniya: Wannan na karɓa, kin kama ni. Amma ki lura da abin da kika faɗa da bakinki: mabuɗi na hannu, aka yi wata huɗu. Wato da sun biya ma, watannin nan suna nan. Mutane suna ɗauka biya kamar kunna fitila ne, ka danna haske ya dawo. Gidan da ɓarawo ya yi makonni yana yawo a ciki, dole a bi kowace kwamfuta a wanke ta, a sauya kowace kalmar sirri, ko an biya ko ba a biya ba.

Baffa: Bari tsoho ya sa baki, ni da na tsufa a aikin akanta. A 2019 an kulle kwamfutocin birnin Baltimore, aka nemi Bitcoin 13, kamar dala 76,000. Magajin gari ya ƙi. Asarar da suka ƙiyasta daga baya, gyara da kuɗin shigar da ya salwanta, ta kai dala miliyan 18. Cinikin gidaje ya tsaya, takardun kuɗin ruwa suka daina fita. Idan aka ajiye mini lambobin nan biyu a tebur, ba na buƙatar kalkuleta. Sai dai akwai abin da ke damuna a wani gefen. Biya iri biyu ne, kuma kuna cakuɗa su. Akwai wanda ya biya don a ba shi mabuɗi. Wannan aƙalla zai gwada ya gani, ya buɗe ko bai buɗe ba. Yanzu kuma ɓarayin sun sauya salo, kafin su kulle sai sun kwashe kwafin bayanan, su ce ka biya ko mu watsa wa duniya. A nan me ka saya? Alkawarin ɓarawo cewa ya goge. Wace takarda zai ba ka?

Injiniya: Baffa ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A watan Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da manyan laifuka ta Birtaniya da takwarorinta suka ƙwace kwamfutocin ƙungiyar masu kutse ta LockBit. Suka tarar da bayanan mutanen da suka riga suka biya, suna nan ba a goge ba. A wannan watan kuma aka kai wa kamfanin Change Healthcare hari a Amurka. Uwar kamfanin, UnitedHealth, ta biya dala miliyan 22. Shugabannin ALPHV, ƙungiyar da ke bayan harin, suka haɗiye kuɗin suka ɓace, suka bar abokin aikinsu da ya yi ainihin kutsen ba ko anini, alhali bayanan suna hannunsa. Sai ga wata ƙungiyar ta fito da bayanan tana neman nata rabon. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Auta: Duk na ji, amma Yaya, haramcin ba zai hana biya ba, zai hana faɗa ne. A 2016 an sace bayanan mutum miliyan 57 daga Uber. Kamfanin ya ba masu kutsen dala 100,000 ya yi shiru, sai bayan shekara guda maganar ta fito, kuma a 2022 kotu ta kama shugaban tsaron kamfanin da laifi kan ɓoyewar. Idan ka haramta, kowa zai koma yin haka. Ɓarawon kuma ya samu sanda ta biyu: ka ƙara mini kuɗi, ko in tona cewa ka karya doka ka biya ni.

Hajiya: Auta ya faɗi gaskiya. Da akwai wannan dokar a lokacin, wallahi da na biya ɗin, sai dai da ba ku ji labarin daga bakina ba.

Baffa: Shi ya sa abin da Ostireliya ta yi ya fi kwanta mini. Tun 2025 ba su hana manyan kamfanoni biya ba, amma duk wanda ya biya dole ya sanar da hukuma cikin awa 72. Aƙalla a san nawa ke fita, wa ke karɓa.

Injiniya: Sanarwa ƙidayar gawa ce, Baffa, ba ta hana kisa. Amma zan sassauta: a fara da hukumomin gwamnati, masu biya da kuɗin jama'a. Irin su Hajiya a bar su tukuna.

Malama: Asibitin gwamnati yana cikin hukumomin naka ko ba ya ciki?

Injiniya: Yana ciki.

Malama: To ban yarda ba.

Auta: Hajiya, kafin ki biya kin duba shafin No More Ransom? 'Yan sandan Turai da na Holan da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe shi a 2016, suna ajiye mabuɗan da aka ƙwato kyauta. Ana ɗora fayil ɗin da aka kulle, su duba ko akwai mabuɗin irinsa.

Hajiya: Yau na fara jin sunansa. Kada ma ka gaya mini ko namu yana ciki, bar ni da abin da na sani.

Injiniya: Faifan ajiyar fa, Hajiya, yanzu yana ina?

Hajiya: Biyu ne yanzu. Ɗaya yana cikin aljihun tebur a kulle, ba a jona shi sai ranar kwafi.

Injiniya: Kin taɓa gwada dawo da lissafin daga kansa, ki ga ko yana buɗuwa?

Hajiya: Ban taɓa ba. Bari in kira yarinyar kafin ta tashi daga aiki.