Bayan ajiye kaki: wane aiki ne ban da gadi?

Ɗan Bariki:
Salamu alaikum. Sajan da ya shekara 15 yana kula da sito da motocin runduna, saura wata takwas a sallame shi, ta ina zai fara neman aiki? Duk inda aka dosa sai a ce gadi.

Malam Sito:
Wa alaikumus salam. Daga CV, wato takardar tarihin karatu da aiki, matsalar take farawa. Mai ɗaukar ma'aikata bai san bambancin sajan da kofur ba, balle gajerun sunayen da sojoji ke amfani da su. Kada ya tsaya ga muƙami, ya rubuta aikin kansa: mutum nawa ne a ƙarƙashinsa, mota nawa yake lura da gyaransu, sau nawa ake ƙidayar kaya a shekara. Ai wannan shi ne aikin manajan sito ko jami'in sufuri. A manyan kamfanoni manhaja ce kan fara tace takardu, don haka kalmomin da ke cikin tallan aikin ya saka su yadda suke. Shafi biyu ya isa. Wuraren da aka yi aiki na sirri da irin makamai, a bar su a bariki.

Hajiyar Ofis:
Ɗan'uwa, ya bi takardu tun yana ciki: takardar sallama, shaidar kowane kwas, da lambar wayar shugabanni biyu da za su tsaya masa, kafin a yi musu canjin wurin aiki. Lasin tuƙi na soja sau da yawa ba ya aiki a waje, ya nemi na farar hula. Wata takwas sun isa a yi kwas ɗin NEBOSH, na kiyaye haɗurra a wurin aiki. PMP, takardar shaidar ƙwarewa a jagorantar ayyuka, ta fi wuya: tana neman wata 36 na jagorantar ayyuka ga mai digiri, wata 60 ga mai sakandare, da awa 35 na horo.

Tsohon Kofur:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Sai ranar ganawa: soja ya saba da "mun yi" da amsa a taƙaice, masu ɗaukar ma'aikata kuwa suna so su ji abin da shi ya yi da hannunsa. Ya shirya misali uku, kowanne da matsala, matakin da ya ɗauka da sakamako. Duk dillalin da ya nemi kuɗi ko ya ce zai riƙe fasfo kafin kwangilar tsaro a ƙetare, ya rabu da shi.